Tsabta da tsarki: abin da wani dattijo ya tayar mini a majami'a

Watanni kaɗan bayan zuwana Ingila, wani dattijo ya zo ya zauna kusa da ni a majami'a ranar Lahadi. Tun kafin in waiga hancina ya sanar da ni isowarsa. Rigar sanyinsa ta yi baƙi ƙirin a wuya da bakin hannu, farcensa cike da dauɗa, ga wata jaka da ya tura ƙarƙashin benci, wadda da gani duk abin da ya mallaka a duniya yana ciki. Daga baya na ji cewa a kan titi yake kwana. Da lokacin Jibin Ubangiji ya yi, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu, ya miƙe ya bi layi kamar kowa, ya buɗe tafin hannun nan nasa, mai hidima ta ɗora masa gurasa ko yatsina fuska ba ta yi ba. Ni da na yi wanka, na goge kaya, na fesa turare, sai na ji raina ya sosu. Na ce a zuciyata, haba, ko hannu ai a wanke.

Na daɗe ina bin sawun wannan sosuwar rai, kuma inda ta kai ni shi ne bakinmu. A Hausa muna cewa Littafi Mai Tsarki, muna cewa Ruhu Mai Tsarki, sannan da kalmar nan dai muke kiran wankin da mutum yake yi bayan ya kama ruwa. Duk wanda ya tashi da Hausa, in aka ce tsarki sai kunnensa ya jiyo ƙarar ruwa a ciki, ko ya so ko bai so ba. Mutanen da nake zaune cikinsu kuwa kalmarsu ta wanke jiki daban take da kalmarsu ta tsarkin Allah, babu abin da ya haɗa su a kunne. Ga kuma maganar da kowa ya sani, cewa tsabta cikon addini ce. A wurin 'yan'uwanmu Musulmi maganar tana da tushe mai ƙarfi, domin akwai hadisi a Sahih Muslim da ya ce tsarki rabin imani ne, kuma salla ba ta yiwuwa sai da tsarki.

Wata ƙawata Musulma da muke Hausa tare a nan ta taɓa tambayata, da zuciya ɗaya, ba da gatse ba: "Ke 'yar'uwa, wai ku haka kawai kuke shiga ɗakin ibada, ba alwala, ga takalmi a ƙafa?" Na yi saurin kare kaina, na ce ai mu ma muna da ayar da ta ce tsabta ita ke biye da ibada. Na koma gida na yi ta buɗe shafi har dare, babu wannan aya. Maganar ta Turawan Ingila ce, kuma wanda ya yaɗa ta shi ne John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ya rasu a 1791. A cikin wani wa'azinsa a kan sutura ya faɗe ta. Abin dariyar shi ne, wa'azin gaba ɗaya faɗa ne da masu ado da tufafi masu tsada. Tsabtar ya sako ta ne don kada wani ya ɗauka cewa barin ado yana nufin zama ƙazami.

To amma kada a ce Littafi Mai Tsarki bai san ruwa ba. Tsohon Alkawari jiƙe yake sharkaf. Kafin Allah ya sauko a Dutsen Sina'i, an umarci jama'a su wanke tufafinsu (Fitowa 19). An ƙera daro na tagulla don Haruna da 'ya'yansa su wanke hannu da ƙafa kafin su kusanci bagade, kuma an ce su yi haka don kada su mutu (Fitowa 30). Wadda ta fi burge ni ita ce ta Maimaitawar Shari'a sura 23, inda aka ce kowane mayaƙi ya riƙe abin tono cikin kayansa, ya fita bayan sansani in zai yi bayan gida, ya binne, domin Ubangiji yana tafiya a tsakiyar sansanin. Duk mai neman hujjar cewa Allah ya damu da tsabtar muhalli, ga ta nan a fili.

Sai dai in aka natsu a Littafin Firistoci sura 11 zuwa 15, za a ga cewa yawancin abin da ake kira ƙazanta a can ba dauɗar da sabulu ke cirewa ba ce. Matar da ta haifi namiji kwana 40 take jira kafin ta shiga Wuri Mai Tsarki, wadda ta haifi mace kwana 80. Wane datti ne yake ninkuwa saboda jaririyar mace ce? Wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu kwana 7, kuma ruwan da ake yayyafa masa an gauraya shi da tokar jar karsana (Littafin Ƙidaya 19). Ruwan toka da aka yayyafa ba ya wanke kowa. Haihuwa ba zunubi ba ce, binne mamaci ma haka. Wata iyaka ce aka shata tsakanin abubuwan da suka shafi jini da mutuwa da kuma wurin da Allah ya keɓe wa kansa, ruwan kuma alama ce ta tsallake iyakar.

Da wannan iyakar Yesu ya yi abin da ya ɗaure wa mutanen zamaninsa kai. Kuturu ya zo masa, maimakon ya tsaya daga nesa ya yi magana, sai ya miƙa hannu ya taɓa shi. Mace mai zubar jini shekara 12 ta kutsa cikin taro ta taɓa rigarsa, bai tsawata mata ba, ya kira ta 'yarsa. A bisa shari'a ƙazantar ce ya kamata ta kama shi, sai ga shi lafiyarsa ce ta kama su. A Markus sura 7 Farisiyawa, wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin shari'a, suka yi ƙorafi cewa almajiransa suna cin abinci ba su wanke hannu bisa al'adar dattawa ba, ya ce musu abin da ke shiga mutum daga waje ba ya ƙazantar da shi, sai abin da ke fitowa daga zuciya, ya kuma lissafa su: sata, kisa, zina, haɗama, hassada, girman kai. A Matiyu 23 ya kwatanta masu wanke bayan ƙwarya su bar cikinta da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa. Har baftisma, wadda da ruwa ake yinta, manzo Bitrus ya ce ba cire dauɗar jiki ba ce, roƙon lamiri mai kyau ne a gaban Allah (1 Bitrus 3:21).

A nan zan ɗan ja hankalin masu son ɗaukar Markus 7 su ƙi wanke hannu. Gardamar ba ta kiwon lafiya ba ce, a lokacin babu wanda ya san ƙwayoyin cuta. Sai a 1847 wani likita ɗan Hangari, Semmelweis, ya nuna a wani asibitin birnin Biyenna cewa in likitoci suka wanke hannu da ruwan kilorin mata masu jego suna daina mutuwa rututu. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, hannuna har tsagewa yake saboda wanki, kuma da zan bari da na cuci bayin Allah.

Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan batu ba, kuma wasu sun zarce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta cewa Antoni, uban masu zuhudu a hamadar Masar, wanda ya rasu a 356, ba ya wanka, ko ƙafarsa ba ya sa wa ruwa sai dole. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta wa wani abokinsa cewa wanda ya yi wanka sau ɗaya cikin Almasihu ba ya bukatar na biyu. Dokar da Benedik ya rubuta wa masu zaman zuhudu a ƙarni na 6 ta ce marasa lafiya su yi wanka duk lokacin da ya dace, amma lafiyayyu, musamman matasa, jefi-jefi. Na fahimci abin da suke gudu, gidajen wanka na Romawa wuraren holewa ne. Amma ni dai ban ga inda aka ce wari yana kusantar da mutum ga Allah ba. Dauɗa ma tana iya zama rigar alfarma, a sa ta don a gani a yaba. Yesu da kansa ya ce in kana azumi ka shafa mai a ka, ka wanke fuska (Matiyu 6:17), ya kuma yi wa wani Bafarisiye gori cewa ya shigo gidansa bai ba shi ruwan wanke ƙafa ba (Luka 7:44).

Wata abokiyar aikina 'yar Habasha ta taɓa gayyata ta majami'arsu ta Otodoks. A bakin ƙofa na tarar da takalma tsibi guda, kowa ya shiga da safa, mata sun lulluɓe da fararen mayafai. Hujjarsu ita ce abin da aka faɗa wa Musa a gaban kurmi mai cin wuta, ya tuɓe takalmansa domin wurin mai tsarki ne. Har yau suna yi wa jariri namiji baftisma a kwana 40, mace a kwana 80, kuma macen da ke jinin al'ada takan tsaya a waje. Ba zan ɓoye ba, da na ajiye takalmina na taka shimfiɗar sai na ji wata natsuwa da ban taɓa ji ba a majami'ar da nake zuwa, inda wani kan shigo da kofin kofi a hannu ya zauna yana kurɓa. Jiki ma yana da nasa ladabin, kuma sakacin Turawa ba duka ne 'yancin bishara ba, wani lalaci ne kawai.

Inda na rabu da su shi ne matar da ke tsaye a waje. A kan wannan, amsa ta zo wa ƙasar da nake zaune tun da daɗewa. Agustin, mai wa'azin da ya iso birnin Kantabari na Ingila a 597, ya aika wa Paparoma Giregori Babba tambayoyi, ciki har da ko mai jinin al'ada za ta iya shiga majami'a ta karɓi Jibi. Giregori ya ce kada a hana ta, ya kawo misalin matar da ta taɓa rigar Yesu, ya ƙara da cewa in ita da kanta ta janye don girmamawa a yaba mata. Wannan ma'aunin ya kwanta mini. Ladabin da mutum ya ɗora wa kansa abu ne mai kyau, amma da zarar ya zama ƙofar da ake rufe wa wani, an fita daga abin da Yesu ya yi.

Kuma ƙofar nan kullum talaka take fara bugewa. Yakubu, mai wasiƙa a Sabon Alkawari, ya gani tun a zamaninsa: mai zoben zinariya ya shigo a ba shi kujera mai kyau, matalauci mai tsummoki a ce ya tsaya can (Yakubu 2). Sabulu da ruwan zafi da kayan canji duk na mai hali ne. Mu baƙaƙen fata ya kamata mu fi kowa kaffa-kaffa da wannan magana, domin an taɓa auna mu da ita. A 1899 kamfanin sabulun Pears ya yi talla cewa matakin farko na sauƙaƙa nauyin da ke kan farar fata shi ne koya wa sauran al'ummai tsabta. Fada Damiyan, ɗan Beljiyam da ya je zama da kutare a tsibirin Molokai na Hawai a 1873 har cutar ta kashe shi a 1889, wani fasto ya rubuta bayan rasuwarsa cewa mutum ne gagara kuma ƙazami. A 2009 Cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyai.

Abin da na lura shi ne, a Sabon Alkawari ruwan bai ɓace ba, wurin zuba shi ne ya canja. A daren da za a bashe shi, Yesu ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun wasu. Mabiyan William Booth, wanda ya kafa ƙungiyar Salvation Army, ya kuma fara aiki cikin talakawan gabashin Landan a 1865, sun shahara da kalmomi uku, miya, sabulu, ceto, kuma sabulun su ne suke bayarwa, ba sharaɗin shiga ba ne. A 2015, zamanin Paparoma Faransis, an gina wa marasa matsuguni wuraren wanka a gefen dandalin Waliyyi Bitrus da ke Vatican. Da wannan ya faɗo mini sai na tuna dattijon nan na benci, na kuma tuna cewa a ranar ban tambayi kaina ko yana da inda zai yi wanka ba.

A gidan da nake aiki akwai wata tsohuwa mai shekara fiye da 90, wadda ba ta iya riƙe fitsari. Duk mako ana kawo mata Jibi har gado. Wata safiya mai kawowa ya iso da wuri, ban kai ga canja mata ba. Ta kama hannuna tana hawaye, ta ce ba za ta karɓa a haka ba. Na durƙusa na ce, "Mama, ai ko a haka Ubangiji yana karɓarki." Ta dube ni kamar na faɗi abin da yaro ma ya sani. Ta ce, "Na sani, 'yata. Amma ki ce masa ya ɗan jira a waje, ki kawo mini ruwan ɗumi da mataji."