Dutsen Kufena ma rawa yake yi

Jiya da daddare ƙanena ya shigo gida Tudun Wada fuska a murtuke. Wai yana da jarrabawar fiziks a kan wani abu da ake kira fonon, ya haddace lissafin tas, amma ko kashe shi za a yi bai san me ake nufi ba. Abin ya taɓa min rai sosai, domin ni a duk fiziks ban ga labari mai daɗin wannan ba.

Na ce masa, ka ga dutsen Kufena da muke gani ƙiƙam? Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa jere suke sahu-sahu, kowace riƙe da maƙwabciyarta, kuma kullum cikin kaɗawa suke. Haka gishirin Inna da ke kwano. Yawancin zafin da dutse ke ɗauka da rana, wannan kaɗawar ce ke ƙaruwa.

A 1819 wasu Faransawa biyu, Dulong da Petit, suka gano cewa idan ka ɗauki adadin zarra iri ɗaya na dalma ko jan ƙarfe ko azurfa, kusan zafi ɗaya suke sha kafin su hau digiri guda. Sai daimon ya ƙi bin layi, abin da yake sha bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuma da aka riƙa sanyaya abubuwa sosai, sai kowa ya bi sahun daimon. Shekaru aka yi ana kai da komo, har 1907 da Einstein ya ce kaɗawar nan da awo ake samunta, ba a gutsuttsura ta yadda aka ga dama.

Nan na kai shi kasuwar Sabon Gari a baki. Na ce, mai hatsi ya ce shi buhu kawai yake sayarwa, kai kuma kuɗin tiya ne a aljihunka. Me za ka koma gida da shi? Ya ce babu, Yaya. To haka daimon yake. Zarrarsa ba nauyi, ɗaurinsu kuma tsam, saboda haka awonsa buhu ne, zafin ɗaki bai isa ya saya ba. Dalma kuwa nauyi gare ta ga laushi, ko da kuɗin gwangwani za ta auna maka. Wannan awo guda na kaɗawa shi ne fonon, sunan da Barashe Yakov Frenkel ya raɗa masa a 1932. Wani masanin fiziks, Peter Debye, ya gyara lissafin Einstein tun 1912, ya nuna zarrar tare suke kaɗawa kamar igiyar ruwa.

Ni dai ra'ayina, malamanmu su riƙa farawa da daimon da buhu, da Hausa ma idan ta kama, kafin su cika allo da alamomi. Lissafin dole ne, ban ce a bar shi ba. Amma yaron da ya san tambayar da lissafin ya zo amsawa ba zai manta da shi bayan jarrabawa ba.

Har zai tashi ya ce, to idan aka kai ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sifili, sai su tsaya cak? Na ce a'a, akwai ragowar motsin da ba ya ƙarewa, shi ya sa hiliyam, gas ɗin nan da ake hura balan-balan da shi, ba ya daskarewa sai an matse shi. Ya koma ya zauna, ya buɗe littafin daga farkon babin.