Kafin ka zuba kuɗinka a agogon gudu

Masu sassarfa sun ƙaru a Kaduna, duk mai zuwa Dandalin Murtala bayan sallar asuba shaida ne. Da yawa yanzu da agogo a hannu, sauran kuma suna ta tambayar wanne za su saya. Ni dai ra'ayina a fili yake: in kuɗinka ƙidayayye ne, ka zuba shi a kan ingancin GPS, wato tsarin gano inda kake ta taurarin ɗan adam, da ƙarfin batir. Taswira mai launi ta zo daga baya, in ma akwai buƙatarta.

A fara cire agogunan nan masu araha da suka cika shagunan waya, masu nuna saƙon WhatsApp da amsa kira. Da yawansu babu GPS a ciki sam. Ko dai su ƙirga takunka su yi kirdadon nisa, ko su dogara da wayar da ke aljihunka. Ka tambayi mai shago kai tsaye: "Malam, in na bar waya a gida, zai zana min hanyar da na bi?" In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Agogon gudu na gaske taurarin ɗan adam yake saurare. Na GPS, wanda mallakar Amurka ne, suna can sama nisan kusan kilomita 20,200, kuma sai agogo ya kama aƙalla huɗu kafin ya san inda kake. Rasha na da nata, GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, agogunan yanzu kuma suna iya haɗa su. Hazon hunturu da gajimaren damina ba sa hana saƙon isowa. Gini da bishiya su ne matsala. Ka bi Ahmadu Bello Way ta tsakanin benaye, ko layukan Unguwar Rimi inda manyan itatuwa suka rufe sama, ko ka shige ƙarƙashin gadar Kawo, sai saƙon ya daki bango kafin ya iso hannunka. In ka koma gida ka buɗe waya, za ka ga layin gudunka ya haura katanga ya ratsa tsakar gidan mutane, kai kuwa ba ka bar gefen kwalta ba. Kowace karkata irin wannan mitoci ne na ƙarya da aka ƙara maka. Maganinta shi ne agogo mai karɓar saƙo ta zango biyu, L1 da L5, domin yana iya tace wanda ya bugi gini. Garmin Forerunner 255 na 2022 yana da shi, haka Coros Pace 3 na 2023. Forerunner 55 ba shi da shi, amma ga mai zagaye fili buɗaɗɗe ya wadatar.

Sai dai ko mafi tsadar agogo ka ɗaura, akwai lambar da nake roƙon 'yan uwa su daina yi wa biyayya: saurin da yake nunawa a daidai wannan daƙiƙar. Yanzu ya ce minti 5 da daƙiƙa 20 a kilomita, ka yi taku goma ya ce minti 6, alhali ƙafarka ba ta sauya komai ba. Abin yana damuna in na ga sabon mai gudu yana kallon hannunsa kowane lokaci, ya ƙara wuta, ya rage, ya sake ƙarawa, kafin kilomita uku numfashi ya ƙare. Ka shiga saiti ka sa fuskar agogon ta riƙa nuna matsakaicin saurin kilomitar da kake ciki. Wannan lambar tana da nutsuwa, kuma tana ƙara daidaita yayin da kilomitar ke cika. Kafin ka danna farawa ma, ka tsaya a sarari har alamar GPS ta cika, kuma ka riƙa haɗa agogon da waya a kai a kai don ya sauko da bayanan inda taurarin suke.

Ranar gasa kuma, kamar tseren kilomita 21 da aka fara yi a Kaduna a 2020, kada ka yi mamaki in ka isa ƙarshe agogo ya nuna fiye da nisan da aka sanar. Ana auna hanyar tsere ne ta layi mafi gajarta, kai kuwa kana kauce wa mutane, kana buɗe kwana, kana ratsewa ɗaukar ruwa. Inda aka kafa allunan kilomita, danna maɓallin zagaye (lap), wanda ke raba gudu kashi-kashi, da hannunka a kowane allo ya fi.

Batun nuna hanya shi ne inda ake cin kuɗin mutane. Cikakkiyar taswira, irin ta Forerunner 965, abu ne mai kyau ga mai hawa duwatsu a ƙasar da bai sani ba. Mu da muke gudu a garinmu fa? Layi ɗaya siriri mai nuna hanyar da ka loda tun daga gida, da umarnin komawa inda ka fara, sun ishe ka, ko ka shiga sababbin layukan Millennium City masu kama da juna, ko tafiya ta kai ka Abuja ka fita daga masauki da duku-duku. Agoguna masu matsakaicin farashi suna yin wannan. Kuma babu taswirar da ta san wace hanya ce ba a bi da duhu a bayan gari. Mutanen unguwa ake tambaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda muke watsa hanyoyinmu a Strava, manhajar da masu motsa jiki ke ɗora gudunsu, da Facebook. A 2018 taswirar Strava ta fallasa wuraren da sansanonin soja suke a ƙasashe daban-daban, saboda sojoji na gudu da na'urorinsu. In hakan ta faru da soja, ina ga kai da layinka ke farawa daga ƙofar gida a lokaci guda kullum? Ka ɓoye farko da ƙarshen hanyarka a saiti, musamman 'yan uwa mata.

Batir kuma kowa ya san halin wutarmu. Coros ya ce Pace 3 na kai awa 38 a GPS na yau da kullum, amma ya sauko zuwa 15 in an kunna zango biyu, don haka a fili buɗaɗɗe ka kashe shi. In na hannu za ka saya, ka sa a kunna GPS a gabanka ka ga yadda cajin ke sauka, kuma kada ka karɓa sai da igiyar cajinsa, domin ta waya ba ta shiga yawancinsu.