Ba oksijin ɗin hanci ba ne

Da an ce jinyar oksijin mai matsi, sai wasu su ɗauka robar nan ce da ake saƙala wa majinyaci a hanci. A'a. Ɗaki ne na musamman ake rufe mutum ciki, a ƙara matsin iska ya kai ninki 2 zuwa 3 na wanda muka saba da shi a waje, ya shaƙi zallar oksijin wajen awa 2. Kunne kan toshe, sai an yi ta haɗiyar yawu. Matsin ne ke narkar da iskar cikin ruwan jini. Ana yi wa wanda hayaƙin janareto ya sumar, da mai gyambon ciwon suga a ƙafa. Masu cewa tana warkar da ciwon daji kuwa ba su da hujja.