Yadda Na Wanke Takobin Kaka Tas

Tun ina yaro nake jin labarin takobin Kaka, amma ban taɓa sa shi a ido ba sai damunar bara, da rufin ɗakin shirginmu ya rufta. Muna kwashe tarkace sai ga wani dogon abu a bayan adaka, naɗe cikin buhu.

Kakanmu ɗan yaƙin Bama ne. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japanawa a kwarin Kogin Kaladan a 1944. Ya dawo gida a 1946 da lambobin yabo biyu, da tarin da bai rabu da shi ba, da wannan takobi. Yadda ya same shi kuwa, ya danganta da wanda ke sauraro. In mu yara ne, a hannun hafsan Japanawa ya fizge shi da hannu ɗaya. In tsofaffin sojoji ne suka zo hira, sai murya ta yi ƙasa, a ji ana maganar musaya da kwalin taba.

Da ƙyar na zaro shi daga kube. Tsatsa ta yi masa ja-ja-ja, bakinsa ya ɓantare wuri biyu, aikin wani baffanmu da ya sari ƙashin sa da shi wata Babbar Salla. Hajiya ta leƙo ta ce, "Kai, mayar da abin nan inda ka gan shi." Na ce, "Hajiya, gyara kawai zan yi." Ta ce, "To, Allah ya sa gyaran ne."

Na fara da dabarar uwargida ta wanke gindin tukunya: lemon tsami da toka. Na dirza har yatsuna suka yi zafi. Jan ya ragu, amma ƙarfen ya koma toka-toka kamar ƙafar da ta sha hunturu. Wani abokina ya rantse mini babu abin da ke cin tsatsa kamar Coca-Cola. Na sayo kwalba shida, na toshe bututun roba na tsiyaye su ciki, yarana suna tsaye suna kallona kamar na yi saɓo. Na jiƙa takobi ya kwana. Da safe tsatsa tana nan daram, sai dai an samu ƙarin baƙi: duk tururuwar unguwarmu ta zo ɗaurin aure.

Daga nan zuciya ta ɗebe ni, na koma kan sanfefa. Ina cikin gurza na lura da wani ɗan tsinken gora da ya ratsa mariƙin. Na sa ƙusa na ture shi, sai ga mariƙi ya zame gaba ɗaya. Ashe duk wannan takobi tsinke ɗaya ne ke riƙe da shi! Guntun ƙarfen da ke ɓoye a ciki baƙi ne wuluk, da wasu ƴan zane-zane a jikinsa kamar kaza ta yi tono. Na ce lallai nan ne uwar tsatsar take.

Na naɗe shi na nufi wurin mai walda na bakin titi. Ya juya shi ya ce, "Alhaji, wannan ai minti biyar ne." Ya tayar da giranda. Tartsatsi ya yi ta tashi, ni kuma ina gefe ina ba da umarni: "Malam, ka ƙara gurzar wajen baƙin nan, har zanen ka share." Mutumin kirki, ya share. Takobi ya fito yana walƙiya kamar sabon cokali, sai ƴan wurare da suka yi shuɗi-shuɗi, na ɗauka ado ne. Na biya kuɗin aiki har da tukuici.

Ranar Juma'a ɗan yayata ya zo hutu daga jami'a. Injiniyan ƙarafa yake karanta, ga shi da tsince-tsincen tarihi. Na ɗauko takobi na aza masa a cinya ina jiran yabo. Ya dube shi, ya zare mariƙi, ya yi shiru. Sai ya ce, "Kawu, wa ya yi maka wannan ta'asar?"

Na ce, "Wace ta'asa?"

Ya zaunar da ni kamar mai shirin sanar da rasuwa. Tsatsa iri biyu ce, in ji shi. Ja ita ce mai cin ƙarfe, ita ake tsayarwa, kuma da mai da tsumma mai laushi ake lallaɓa ta. Baƙar da ke kan guntun cikin mariƙi, wanda Japanawa ke kira nakago, ba a taɓa ta ko da wasa, domin da launinta masana ke kimanta shekarun takobi. Tonon kazar da na sa aka share kuwa, nan maƙerin yake sassaƙa sunansa, wani lokaci har da shekarar ƙira a ɗaya gefen. Wasu takubban lokacin yaƙi aikin masana'anta ne, wasu kuma hafsoshi daga gida suka ɗauko su, gadon kaka da kakanni na ɗaruruwan shekaru, aka sa musu kuben soja.

Na ce, "To namu wanne ne?"

Ya ce, "Kawu, amsar tana can ƙasan rumfar mai walda, ta zama gari."

Bai tsaya nan ba, yaron nan ba shi da tausayi. Ya ce a tsawon kaifin akwai wani layi mai kama da igiyar ruwa, hamon, wanda ke fitowa saboda maƙeri yana shafe jikin takobi da yumɓu, ya bar na baki da sirara, kafin ya tsoma shi a ruwa da zafinsa. Fito da wannan layi sana'a ce mai zaman kanta. Masu yin ta, togishi, sukan yi wajen shekara 10 suna koyo, kuma takobi ɗaya yakan ci makonni a kan duwatsun wasa iri-iri, na ƙarshen ƴan falle-falle ne da ake murzawa da babban yatsa. Abin da mutum ke yi wa shekara 10, mu mun gama shi a minti biyar, har da tukuici. Shuɗin da na ɗauka ado ne, zafin giranda ne ya kashe taurin ƙarfen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya ce man da Japanawa suke shafa wa takubbansu har da ɗan man kanumfari a ciki. Kanumfari! Yana nan a kicin ɗinmu, kusa da lemon tsamin da na fara ɗauka.

Hajiya tana kan dardumarta tana jin komai. Ba ta ce uffan ba, carbi kawai ta ci gaba da ja, amma na ga kafaɗarta tana rawa.

Don haushi na jingine shi a bayan ƙofa tsirara, ko mai ban shafa masa ba. Aka kwana uku ana tafka ruwa. Ranar Litinin na ɗauko shi, sai ga sabuwar tsatsa ja-ja-ja tun daga tsini har gindi, har wurin da a da babu ita.

Uwargida ta leƙo daga kicin, ta dube ni, ta dubi takobin, ta ce, "Maigida, in yanko lemon tsamin ne?"