Baƙin Malawi a Falona

Laifin wayar hannu ne. Wani dare ina kwance ina ta shafa fuskarta, sai na ci karo da bidiyon wani ƙaton akwatin gilashi cike da ruwa. Ga kifaye a ciki suna ta shawagi, wannan ruwan ɗorawa, wancan shuɗi mai ratsi kamar yanzu aka tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Mai bidiyon ya ce kallon su kaɗai yana kwantar da hankali, har yana saukar da hawan jini. Ni kuwa likita ya daɗe yana yi mini faɗa kan jinin nan.

Kafin kiran assalatu na san sunansu sikilid. Na san mahaifarsu tafkin Malawi ne, wanda ƙasashen Malawi da Mozambik da Tanzaniya suka kewaye, kuma a cikinsa akwai ɗaruruwan irinsu da babu su a wani ruwa a duniya. Waɗanda suka kwanta mini a rai su ne mbuna, masu zaman duwatsu, waɗanda ba su cika wuce tsawon yatsa da rabi ba. Na karanta launinsu, na karanta farashinsu. Wajen da aka yi bayanin halinsu ne barci ya ɗauke ni.

Uwargida na ce mata ɗan abin ado ne zan kawo. Mai gilashi kuwa na ba shi awo: tsawo santimita 150, faɗi 50, tsayi 60. Ya dube ni ya dubi takardar, ya ce, "Oga, kada za ka kiwata?"

Ƙarti huɗu suka ɗauko shi, sai da aka cire ƙyauren falo kafin ya samu juyawa. Niyyata in ɗora shi kan dogon teburin nan na kayan ɗakin uwargida. Allah ya sa ƙaninta mai karatun injiniya yana gidan. Ya ciro biro ya yi lissafi a bayan kwalin ashana, ya ce, "Yaya, wannan lita 450 zai ci. Kowace lita kilo ɗaya ce. Ruwan kaɗai buhun siminti 9 ke nan. In ka haɗa da gilashin da duwatsu, ka ce buhu 12."

Uwargida ta leƙo daga kicin riƙe da ludayi. "A kan teburin da babana ya saya?"

Washegari ina wajen mai walda, ya haɗa mini ƙafafun ƙarfe, muka shimfiɗa farin soson nan da ake naɗo firji a ciki don kada gilashin ya tsage. Mai ruwa ya juye jarka 18, yana ta tambaya ko biki za a yi. Na zuba yashi, na jera duwatsu a kansa har da koguna da lunguna. Ku riƙe wannan, yashi a ƙasa, duwatsu a sama, za mu dawo kansa.

Masana sun ce a kunna matatar ruwa a bar tankin mako huɗu zuwa shida kafin a cika shi da kifi. Dalilinsu kuwa, kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, ita kuma guba ce, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun yaɗu a cikin matatar sun riƙa juya ta zuwa abin da ba ya kisa. Na yi haƙurin kwana uku. A ganina Bature ne da son ɓata lokaci. Na kuma karanta cewa ruwan Malawi ba shi da tsami ko kaɗan, ma'auninsa na pH yana kusan 8, kamar dai ruwan da aka jiƙa 'yar kanwa. Kalmar kanwa ce ta tsaya mini a kai. Na shiga kicin a sace na ɗebo dunƙule guda na jefa. Da safe tankin ya koma kamar tukunyar kunun kanwa. Na kwashe rabin ruwan, mai ruwa ya sake samun ciniki, na ce ai shi ke nan.

Kifi takwas aka aiko mini daga Legas cikin ledoji masu iska, kowanne kuɗinsa ya sayi kaza biyu, ko da yake a gida na ce kyauta aka ba ni. Cikin kwana goma huɗu suka mutu. Kyanwar maƙwabtanmu ta ci abinci mafi tsada a unguwar, har ta fara gaishe ni da safe.

Huɗun da suka rage kuwa, da ruwa ya daidaita suka murmure, sai halinsu ya fito. Wani shuɗi, wanda yara suka sa wa suna Ɗan Daba, ya ce duk santimita 150 ɗin nan gadon ubansa ne. Daga safe har dare kora yake. Sauran ukun suka maƙale a kusurwa bayan bututun matata, fiffikensu duk a yage, suna kallona kamar ni na sayar da su. To ai ni ɗin ne. Mai neman kwanciyar hankali ya koma zaune gaban gilashi yana ƙwanƙwasawa yana cewa, "Kai! Kai! Rabu da shi!"

Na koma ga masana da ladabi a wannan karon. Maganin da suka bayar ya ba ni mamaki: a ƙara yawansu. In sun yi yawa, azzalumin ba ya sanin wanda zai bi, sai faɗan ya rarrabu, kowa ya sha kaɗan. Kuma kowane namiji a haɗa shi da mata uku ko huɗu, don kada ya takura wa guda. Cikin murna na same uwargida tana tsince shinkafa na zayyana mata. Ba ta ɗago ba.

"Wato maganin rigima a gidan nan shi ne a ƙaro mata uku?"

"Kifi fa nake nufi."

"Na ji, yallaɓai. Kifi."

Kwana biyu miyata ba gishiri. Amma na ƙaro goma sha biyu, kuma abin ya yi aiki, Ɗan Daba ya rasa ta inda zai fara.

Sai kuma wuta. In an ɗauke ta na tsawon sa'o'i matata ta tsaya, iska ta ragu a ruwa, ƙwayoyin nan da na sha wuya kafin su yaɗu su fara mutuwa. Ga hunturu ya shigo, su kuma ba sa son ruwansu ya sauka ƙasa da digiri 24, dole sai da hita. Ƙarfe ɗayan dare ka gan ni a tsakar gida ina jan igiyar janareto. Uwargida ta ce shekara shida tana kwana da mafici a watan Afrilu ana ce mata mai ya yi tsada, ashe kuskurenta shi ne ba ta da ƙaya a baya.

Yanzu mu dawo ga yashi. Mbuna maginan banza ne, su cika baki da yashi su je can su tofar, haka za su wuni. Suka yi ta haƙa ƙarƙashin dutsen da ya fi girma. Wani dare muka ji "ƙum!" Na fito da taɓarya ina salati, na duba bayan labule, na duba bayan kujera, babu ɓarawo. Dutse ne ya kife, saura ƙiris ya daki gilashi. Ashe duwatsu ake fara ajiyewa a ƙasa daram, sannan a zuba yashi a kewaye. Na tsaya da taɓarya a hannu ina lissafin yadda jarka 18 za ta yi da kafet.

A wannan makon Hajiyarmu ta zo daga Wudil ganin jikoki. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon tankin, ta ce, "Wannan ai karfasa ce aka shafa wa shuni."

Na yi dariya irin ta 'yan boko. Na ce, "Haba Hajiya, waɗannan daga Malawi asalinsu yake, ba karfasa ba ne."

"To. Yaushe za su isa ci?"

"Ba ci ake ba, kallo ake."

Ta dube ni kamar yadda take duba na tun ina yaro in na zo da sakamakon jarrabawa, ta ce Allah ya kyauta.

Ana nan sai wata mai ruwan ɗorawa ta daina cin abinci. Haɓarta ta kumbura, ta koma cikin kogo, in na zuba abinci ta matso ta kalla ta juya. Mako guda, mako biyu, har ta shiga na uku. Na tabbata hangum ne, in dai kifi na yin hangum. Na sayo magani, na yanke shawarar ware ta. Kama mbuna a cikin duwatsu kuwa sai wanda ya gwada. Na fitar da duwatsun nan kaf na jera a kan kafet, hannun rigata sharkaf, Ɗan Daba yana cizon gashin hannuna, yara suna ihu "Abba ga ta can!" Hajiya tana kan darduma tana jan carbi tana kallona, ba ta ce uffan ba. Sai da na yi kusan sa'a guda kafin ta shiga raga. Na sake ta a robar wanki da ruwan tankin, na juya zan auna magani.

"Abba! Ta yi amai! Aman yana iyo!"

Na leƙa. 'Ya'ya ne, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, guda 14, suna zagaye ta. Da inuwata ta faɗa kan robar sai ta buɗe baki suka yi ta rububin komawa ciki. Ashe haka suke, uwar ta kwashe ƙwai a baki ta riƙe wajen mako uku, ba ci, har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari.

Hajiya ta shafa addu'a ta ce, "Goyo take, ɗan nan, ka hana baiwar Allah sakat. Tun muna yara a bakin kogi in masunta suka kamo karfasa, wani lokaci ka buɗe bakinta ka ga ƙwai fal."

"Hajiya, kin sani tun tuni ba ki faɗa mini ba?"

"Ai kai ka ce ba karfasa ba ce."

Da dare na duba a waya a ɓoye. Dangi ɗaya ne, karfasa ma sikilid ce. Ban gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma da za ta koma Wudil ta ce in gaida 'yan uwan miya.

Jariran ba za su koma babban tanki ba, manyan za su yi kalaci da su. Mai gilashi ya yanko mini ƙarami mai lita 40, yana yi mini barka da arziki. Ƙanin uwargida ya yi lissafi ya ce duka-duka buhun siminti ɗaya ne. Yanzu haka yana kan teburin da babanta ya saya, ita ta ce a ɗora shi a nan, ita ke murmushe musu abinci safe da yamma. Ni an hana ni matsawa kusa, wai ina tsorata su.