Layi na Uku

Ɗana Sadiƙu yana aji biyu na babbar sakandare, kuma shi da lissafi ba sa ga-maciji. Ni kuwa malamin lissafi ne, don haka abin ya zama na tsegumi a unguwa. Kullum bayan isha'i sai in zaunar da shi a tabarma. Da muka iso babin manɗiƙi, wato ilimin auna gaskiya ko ƙaryar magana, na zana masa jadawalin gaskiya: magana biyu, p da q, layi huɗu. Na ce masa jumlar "idan p, to q" a layi ɗaya tak take zama ƙarya, wato na biyu, inda sharaɗi ya cika amma sakamako bai zo ba. In kuwa sharaɗin bai cika ba, jumlar tana nan a gaskiyarta ko me ya biyo baya. Har na yi masa burga cewa wani Bagirke, Filo na Megara, ya faɗi haka tun wajen shekara 300 kafin Miladiyya. Yaro sai hamma yake.

Don in zaburar da shi na ce, "Idan ka ci lissafi wannan zangon, zan saya maka waya."

Sakamako ya fito, 38 cikin 100. Na ce alhamdulillahi a zuci, kuɗina sun tsira.

Da daddare ina cin tuwo sai ga shi da littafi a hammata, ya durƙusa da ladabin da ban san shi da shi ba. Ya buɗe shafin, da rubutun hannuna, ya ɗora yatsa a layi na uku.

"Abba, nan p ƙarya ce, q gaskiya, jumla kuma ta tsaya. Ka ce idan na ci za ka saya. Ba ka ce sai na ci ba. Ko ka saya yanzu, maganarka ba ta tashi ba."

Loma ta tsaya min a wuya. Yaron da ba ya iya raba 72 gida 8 sai ya ƙirga yatsu, yau shi ke bambance min isasshen sharaɗi da sharaɗin dole. Na kurɓi ruwa na ce ya sauko layi na huɗu: bai ci ba, ban saya ba, nan ma ban yi ƙarya ba. Kunnen doki.

Ashe Hajiya, mahaifiyata, tana kan darduma tana jin mu. Ta ajiye carbi.

"Kai, wannan abin da ya karanto maka, lissafi ne ko ba lissafi ba?"

"Lissafi ne, Hajiya."

"Daidai ya faɗa ko kuskure?"

"Daidai ne, amma..."

"To ya ci lissafi. Kuma a zangon nan muke."

Ta tabbatar da p, ta bar ni da q. Matar da ko allo na boko ba ta taɓa riƙewa ba. Maman Sadiƙu tana bakin murhu tana dariya har da riƙe ciki.

Ranar Asabar muka tafi kasuwar waya ta Farm Centre. Bayan doguwar tayayya na biya, mai shago ya miƙo kwali yana cewa, "Alhaji, in ta ba da matsala ka dawo da ita." Na ji daɗi na juya zan fita, sai Sadiƙu ya jawo hannun rigata.

"Abba, cewa ya yi ka dawo da ita. Bai ce zai canza ba."