Korona ta tafi, bashinta na nan

Masu cewa a Gombe ba mu ga korona ba sai a rediyo, asibiti kawai suka leƙa. Da aljihu suka duba, da sun gan ta.

Ta ƙofar man fetur ta fara shigo mana. An gina kasafin tarayya na 2020 a kan dala 57 kowace ganga. Jiragen sama suka tsaya, masana'antun duniya suka rufe, a watan Afrilu ganga ta faɗo ƙasa da dala 20, dole aka sake lissafi a kan 28. Jiha irin tamu da kason Abuja take biyan albashi. In ya ragu, ma'aikaci ya rage cefane, mahauci ya rage yanka, tela ya zauna yana kallon keke. Asusun rarar mai da ya taɓa kai wajen dala biliyan 20 a 2008, lokacin ko miliyan 100 babu a cikinsa. Sai aka garzaya IMF, asusun ba da lamuni na duniya, aka ciyo dala biliyan 3.4, aka karya naira daga 306 zuwa 360 kowace dala.

Sai hanya. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, a takarda an ware motocin abinci, amma a shinge ba takarda ake karantawa ba. Buhun masara ko wake a Tudun Hatsi zai iya jiran wata guda. Kwandon tumatir a zafin bazara ba ya jira. Motar da ta saba isa kudu a kwana ɗaya da wuni, in kowane shinge ya ci mata sa'o'i, a rana ta uku za ka ga ruwa na tsiyaya ta ƙasan bodi: na sama ya danne na ƙasa, tsinken kwando ya huda na gefe. Dillali ya faɗi kuɗin da ya ga dama, asarar ta dawo kan manomin rani na Dadin Kowa da ya ɗauki taki bashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka raba tallafin. Amurka ta fitar da dala tiriliyan 2.2 a tashin farko, ta aika wa talakanta dala 1,200. Mu naira 20,000 aka ba wasu daga cikin gidajen da ke rajistar mabukata ta gwamnati, rajistar kuma gida miliyan 2.6 ce a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Da tsadar kaya ta taso wa Amurkawa, daga 2022 suka ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5. Dala ta koma gida, bashin ƙasashe irin namu ya ƙara nauyi. Zambiya ta riga ta gaza biya tun 2020, Ghana ta bi a 2022, Habasha a 2023.

To ina gyaran tsarin bashin duniya da aka yi ta alkawari? A 2021 IMF ta raba dala biliyan 650, amma gwargwadon hannun jarin kowace ƙasa: Afirka kaf wajen biliyan 33 ta samu. Ƙungiyar G20 ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki ɗaga wa'adin biyan bashi ta yi, ba yafewa ba, shi ma ya ƙare a Disambar 2021, masu ba da bashi na kasuwa kuwa ko kallo. Canza tsarin IMF na bukatar kashi 85 na ƙuri'u, Amurka ita kaɗai na riƙe da sama da 16. Ku yi lissafin da kanku.

Shi ya sa nake ganin gyaran da za mu mora shi ne wanda ke hannunmu. A yi rajistar mabukata gunduma-gunduma, da lambar NIN da asusun banki, ana sabunta ta duk shekara, domin rajistar da aka rubuta cikin tashin hankali sunayen 'yan uwan kansila take cika da su. Majalisar jiha ta yi dokar ajiye wani kaso duk watan da kuɗi ya hau, a rubuta sharaɗin taɓa shi. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan gwari su samu takardar wucewa guda da jihohi suka amince da ita tun kafin a sake kafa shinge. Tumatir kuma a koma zuba shi a akwatin roba da ake jerawa ba ya danne juna. Wanda ya rage a yanka kauɗa, a shanya a kan raga sama da ƙasa, ba a gefen kwalta inda ƙura da awaki ke karya masa daraja ba.